Aron da Madam Ta Bayar Kafin a Sa Kwaɗo

Shekaranjiya ina tsakar gida ina tankaɗe, rediyo na ajiye kan turmi, sai na ji wani dattijo yana kuka da yaran zamani. Wai ba sa karatu, wai waya ta cinye musu hankali, wai su a zamaninsu littafi ne abokin hirarsu. Na ajiye rariya na kasa kunne, don na san muryar. Ta tsufa, ta yi kaushi, amma ita ce. Mutumin da ya sa wa ɗakin karatun garin nan kwaɗo da hannunsa ya jefa makulli a aljihu, shi ne yau ya samu wuri a rediyo yana yi wa jikokinmu faɗa. Na kashe rediyon da ƙarfi har jikata ta leƙo daga ɗaki, yatsanta cikin littafi kada shafi ya ɓace mata, ta ce ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ba lafiya ba ce, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai huce ba.

Wanda bai san Maradi ta da ba, idan ya wuce ta gaban ginin nan yau ba zai yarda an taɓa karatu a cikinsa ba. An tsaga shi shago-shago. Wannan na cajin waya, wancan na sayar da gilashinta da igiyoyinta, na ƙarshe kuma wani saurayi ne ke tura wa mutane waƙoƙi, lasifikarsa na ihu tun safe har magariba. A da kuwa idan ka tura ƙofar, sanyi ne ke fara tarbarka, da ƙanshin tsohuwar takarda, sai wani irin shiru da ake jin motsin shafi a cikinsa. Kana jin kurciya a kan bishiyar bedin bakin taga, kana jin fanka ɗaya tilo tana kukanta na kullum, can kuma sai ka ji hatimin Madam ya sauka a kan littafi, ƙwas, wani ya samu aro ke nan. Madam ita ce mai ɗakin. Tana da suna, amma duk garin Madam ake ce mata, kuma ni ma haka zan bar ta. A hannunta na koyi aikin da na ci abinci da shi har na tsufa.

Ni 'yar garin Tsibiri ce, kusa da Maradi. Da na fito kwalej aka ce an ba ni aiki a ɗakin karatu na gari, sai na sauka wurin gwaggona a unguwar Zariya ta nan Maradi, lokacin unguwar ba ta cika ba, tsakanin gida da gida akwai gonar gero. Na yi sabon ɗinki, na sayi bik mai kyau na rubutu, don a tunanina zama zan yi bayan teburi ina buga hatimi mutane na gaishe ni. Da na shiga ban ga kowa a teburin ba. Can ƙasa na hango mace doguwa a durƙushe, tabarau na lilo a wuyanta da igiya, kanta kusan a ƙarƙashin kanta ta littattafai. An gaya mini ta yi karatun aikin a ƙasar waje, tana karanta harsunan da ni ko sunansu ban iya faɗa daidai ba, amma ga ta gwiwa a ƙasa da kwalbar baƙin mai a hannu.

Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi sabon ɗinkin, ta ce, "Ke ce ɗiyar da anka turo?"

Na ce, "Ni ce, Madam."

Ta ce, "To aje jikkar ga, ki ɗaure zanenki da kyau. Daga ƙasa muka hwarawa nan."

Kowace kanta a ɗakin ta katako ce, kuma kowace ƙafarta tana tsaye a cikin gwangwanin tumatir da aka zuba wa baƙin mai, irin wanda makanikai ke juyewa daga mota. Saboda gara ake yin haka. Gara daga ƙasa take tasowa, ta bi ƙafar katako ta hau, amma ba ta iya ƙetare mai. Sai dai ƙura na sauka a kan man ta yi masa ɓawo, ɓawon ya zama mata hanya, don haka kullum sai an duba, a kwashe ƙurar da tsinke, a ƙara mai inda ya ragu. Kanta kuma ba ta jingina da bango, sai tafin hannu ya wuce ta bayanta a sake. Wannan ne aikina na farko, kuma na daɗe a kansa kafin Madam ta bar ni na taɓa hatimi. Ranar na koma gida da baƙin mai har gwiwar hannu, na gaya wa gwaggona an mai da ni makaniki. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai sai in gode Allah ba a tura ni ƙarƙashin mota ba.

Madam ba ta koyarwa da dogon bayani. Za ta yi abu a gabanka, ta miƙa maka, ta tsaya tana kallo, idan ka ɓata ta karɓa ta sake yi ba tare da ta ɗaga murya ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ita ta koya mini ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa in saurara, mai lafiya amonsa a cike yake, wanda gara ta shiga kuwa amonsa kamar na ƙwarya. Ita ta koya mini bin kanta da yatsa lamba bayan lamba kowace safiya, don littafin da aka sa ba a wurinsa ba daidai yake da wanda ya ɓace. Muna jiƙa ƙaro a kwano mu yi abin liƙi, mu ɗinke bayan littafi da basilla da zare, mu danne shi da dutsen niƙa ya kwana. Har yau idan na ji ƙanshin jiƙaƙƙen ƙaro sai na ga yatsunta. Ta hana ni ɗaukar littafi ta kansa, ta hana ni lasar yatsa in juya shafi, ta hana ni cin gyaɗa a teburi. Na sha yi mata tsaki a zuciya, ban taɓa yi a fili ba.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne yadda take karɓar mutane. Ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, malamin asibiti, ɗan kasuwa, manomi da ƙafarsa duk laka, wuri ɗaya take tsayar da su. Wata rana wani ya shigo yana juya littafi a kife, na buɗe baki zan tambaye shi ko ya iya karatu, sai Madam ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin teburi. Bayan ya fita ta ce, "Kar ki ƙara tambayar mutum haka nan. Wanda yaz zo nan, ko shi iya ko shina da mai karanta mishi gida. Ba ruwanki." Idan aka dawo da littafi ya sha hannu, bangonsa ya yi laushi, ni sai in ɓata rai, ita kuma sai ta yi murmushi. Takan ce, "Ni ba ni tsoron littahi shi tsuhwa hannun mutane, ɗiyata. Tsorona shi zamna wuri guda ba mai taɓa shi." Yanzu fa? Yanzu a tara matasa a otal kwana biyu, a ci a sha, a raba musu jaka da takardar shaida, a ce sun zama masu kula da ɗakin karatu. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya taɓa tsayawa a kansu yana kallon hannunsu. Amma abin na ƙona mini rai.

Sai zamani ya juya, aka buɗe bakin kowa, jam'iyyu suka fito kamar ciyawar farkon damina. Kada wani ya ce ina kukan mulkin da ne, ni ma na yi guɗa, ni ma na ɗaura zanen jam'iyya na taka rawa a dandali. Mun sha wuya kafin mu samu damar faɗin abin da ke ranmu, kuma ban taɓa fatan a mayar da mu baya ba. Amma tare da 'yancin aka shiga wani irin rikici. Yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai, jibi kowa da kowa, albashi ya zama sai an ga dama, makarantu suka yi shekara a rufe. Abin mamaki, a lokacin ne ɗakinmu ya fi cika. Yaran da ba su da aji suka dawo wurinmu, benci ya kasa, ana zama a ƙasa har bakin ƙofa. Samarin ƙauyen Jiratawa masu noman rani idan sun kawo zogale da albasa kasuwa a amalanke sai su biyo su ɗauki littattafan noma. Ma'aikata kowa ya rufe biro, wato ofis, ya tafi gida, Madam kuwa ta ce ita ɗakinta ba ya yaji, ko ba a biya ta ba gara ba ta san da wannan magana ba.

Ana haka aka turo mana sabon darakta, shi ne wannan mai magana a rediyo. Ba littafi ya kawo shi ba, jam'iyyarsa ce ta samu rabo aka ba shi kujerar. Da ya ga ɗaki mai faɗi da sanyi a tsakiyar gari sai ya ce a nan 'yan jam'iyyarsa za su riƙa taro da yamma. Samarin ɗaya jam'iyyar suka ce ai ginin na ƙasa ne, su ma a nan za su yi nasu. Wata yamma ɓangarorin biyu suka haɗu a bakin ƙofa, aka yi jifa da kujeru, aka fasa taga, aka fasa wa wani goshi. Maimakon a hana su duka taron a bar mu da aikinmu, sai manya suka zaɓi abin da ya fi musu sauƙi: a rufe ɗakin gaba ɗaya sai abin da hali ya yi. Darakta ya zo da kansa ya gaya mana ranar Juma'a da yamma zai sa kwaɗo. Lokacin iska ta riga ta juya, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, manoma na gyaran gona.

Ina tsaye da tsintsiya a hannu Madam ta ce masa, da irin kiran girmamawa na Faransanci, "Mushe Darakta, damana ta kawo jiki. In ka ruhe ɗakin ga ba mai shiga, gara za ta cinye shi. Ka ruhe ma mutane in haka anka ce, amma ka ba ni makulli in dinga shiga da sahe ina duba gwangwanaye, in hito in maido maka."

Ya ce, "Madam, ƙasa na cikin halin da take ciki, ke kina maganar gwangwani? Oda ce daga sama. Ba mai shiga, ko ni."

Ta ce, "To har yaushe?"

Ya ce, "Har a gama zaɓe mu gani."

Ta roƙe shi, macen da ban taɓa jin ta roƙi kowa ba. Ta ce ko ni kaɗai ya bari in riƙa shiga, tunda ni yarinya ce ba wanda zai ce taron siyasa nake. Ya yi dariya ya ce ya san mata da son riƙe makulli. Ya fita yana gyara babbar rigarsa, ya bar mu tsaye. Madam ta zauna a kujerarta, ta daɗe tana kallon kantocin nan ɗaya bayan ɗaya. Can ta sa tabarau ta ce, "Ɗiyata, odar ta ce Juma'a za a ruhe. Ba ta ce kar a ba da aro kahin Juma'a ba."

Dokar ɗakin littafi biyu ne ga mutum, sati biyu ya dawo da su, kuma Madam ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba, ko da ɗan wane ne. Ranar ta karya dokar da hannunta. Duk wanda ya shigo sai ta ce ya ɗauki iya abin da zai iya ɗauka, ya ajiye a gida nesa da ƙasa nesa da bango, ya dawo da shi ranar da ya ji an buɗe. Magana ta bazu a gari. 'Yan lakwal suka zo da buhuna, matan unguwarmu suka zo da kwanduna suka ɗora a ka kamar masu tallar nono, samarin Jiratawa suka sauke zogale suka mayar da amalanke cike da littattafai an lulluɓe da tabarma. Ba rabon banza aka yi ba. Kowane littafi sai na zare katinsa na rubuta sunan mai ɗauka, Madam ta buga hatimi, ƙwas, na jefa katin a akwatin katako da ke kan teburi. Hannuna ya ƙage, hatimin ya bushe muka ɗiga masa ruwa muka ci gaba.

A cikin masu zuwa har da wani tsoho daga wani ƙauye a bayan Tsibiri, cikin Annan nan masu bin al'adar kakanni. Na san shi tun ina ƙarama, yana kawo gero kasuwarmu. Shi bai iya karatu ba, ɗansa ne ɗan kwalej mai zuwa wurinmu, shi ya taso shi da jaki. Madam ta fara yi masa bayanin ƙasa da bango, sai ya ɗaga mata hannu.

Ya ce, "Madam, rumbu za ni sa su, tare da hatsi. Bisa duwatsu shike, ba shi taɓa ƙasa. Abin da ba shi cin hatsina ba shi cin takardarki."

Ta ce, "Baba, aro na hwa. Za a maido."

Ya ce, "Awo, na jiya. Aro na."

Kafin Juma'a mun fitar da abin da ya fi rabi. Sauran manya-manyan ne masu nauyi da waɗanda ba a bayar da aronsu, da tsofaffin jaridu, da rubuce-rubucen tarihin yankin nan da wasu malamai suka yi da hannu, waɗanda babu irinsu ko'ina. Madam ta so ta fitar da su, darakta ya ce waɗannan ko shafi ɗaya ba ya fita. Muka cika gwangwanaye da mai har baki, muka yi abin da za mu iya. Da yamma ya zo da samarinsa suna ɗauke da bencinan taro da allunan jam'iyya, wai a ajiye a ciki kada abokan gaba su ƙona. Don su samu wuri sai suka tura kantocin suka manna da bango, gwangwanaye na kifewa, mai na malala a siminti. Madam ta yi ihu, ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba. Ba wanda ya juyo. Aka fitar da mu, aka ja ƙofa, akwatin katunan aro na ciki a kan teburi, ya danna kwaɗo ya sa makulli a aljihu.

Ba a yi nisa ba magana ta canza kama. A fada-fadar samari masu shan shayi aka fara cewa Madam ta rabar da dukiyar ƙasa don ta saya wa 'yan adawa ƙuri'a. Wasu suka ce sayarwa ta yi, an ga amalanke na fita da kaya a lulluɓe. Matar da ko zanen jam'iyya ba ta taɓa ɗaurawa ba! Aka kira ta biro gaban wasu manya, aka kira ni shaida. Ta ce musu aro ta bayar, kowane littafi da katinsa da sunan wanda ya ɗauka, a buɗe ƙofa su gani da idonsu. Darakta ya ce oda ta hana buɗewa. Na rantse musu da hannuna na rubuta katunan, wani daga cikinsu ya ce ai yarinyarta ce, me za ta ce. Hujjar na bayan ƙofa, makullin na aljihun mai ƙara, kuma duk manyan nan ba wanda ya ga abin kunya a ciki. Ba su kore ta ba, sun yi abin da ya fi kora. Suka tura ta can gabas mai nisa, garin da babu ɗakin karatu, aka ba ta teburi da kujera ta zauna.

Na raka ta tasha ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ita ko ɗigon hawaye, sai dai ta rame a 'yan kwanakin nan. Ta ciro basillarta daga jaka ta sa mini a hannu ta ce, "Bar kukan ga. Ran da anka buɗe, ki zamna teburi ki jira. Wanda yak kawo ki amsa ki gode mishi, ki duba bayan littahin, in ya ɓalle ki ɗumke. Wanda bai kawo ba kar ki bi shi gida." Na ce to yaya zan san wanda ya ɗauka idan katunan sun lalace. Ta ce, "Su sun sani."

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, aka yi zaɓe, waɗanda suka yi jifa da kujeru suka shirya suka raba muƙamai. Wata daminar ta sake zuwa kafin wani ya tuna akwai ɗaki a rufe. Darakta ya samu ci gaba ya tafi babban birni, sai aiko da makullin ya yi. Kwaɗon ya yi tsatsa, da guduma aka fasa shi. Ina tura ƙofar wani wari na ruɓaɓɓiyar ƙasa ya buge ni. Gara ta yi gini daga siminti har rufi, ta lulluɓe kantocin da jar ƙasa. Na kai hannu na ɗauko wani babban littafi, bangonsa lafiya lau har da lambarsa da na rubuta, amma ba nauyi, ina buɗewa ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Rubuce-rubucen malaman nan na tarihi ko shafi ɗaya bai tsira ba. Akwatin katunan ma ta cinye shi, sai ƙusoshi. Na zauna a ƙasa na yi ta zagi, ni da aka yi wa tarbiyyar rashin ɗaga murya a ɗakin nan. Na zagi darakta, na zagi manyan biro, na zagi jam'iyyun duka biyu har da wadda na yi wa rawa.

Na share, na ƙona abin ƙonawa, na roƙi kafintoci suka haɗa mini kantoci daga bencinan da suka tsira, na bi makanikai na samo baƙin mai. Sannan na zauna a teburi kamar yadda ta ce. Ba sanarwa aka yi ba, kuma ba sauran wata takarda a duniya da ke nuna wane ya ɗauki kaza. Duk wanda ya so ya riƙe, ya riƙe ke nan. Sai ga wata mata da kwando a ka. Sai ga 'yan lakwal da buhunansu, wasu sun yi tsawo har ban gane su ba. Sai ga amalanken Jiratawa, littattafan na warin albasa. Tsohon nan ya zo da jakinsa, nasa suna ƙanshin gero, ko tabo babu. Wasu sun sha hannu har sun yi laushi, don a gidajen an yi ta karanta su ana ba maƙwabta. Kowa ya ajiye sai ya leƙa bayana ya ce, "Ina Madam?" Wannan tambaya ta fi komai ci mini rai. Na aika mata da saƙo ta bakin wani direba cewa aronta ya dawo. Ya komo ya ce ta yi murmushi, ta ce a tambaye ni ko ina duba gwangwanaye.

Ba ta sake ganin ɗakin ba. A can ta yi ciwo, a can aka binne ta. Ba wanda ya je biro ya ce an yi mata ƙarya, ba wanda ya nemi gafararta, a bakin wasu tsofaffin garin nan har gobe ita ce matar da ta sayar da littattafai. Ni na riƙe ɗakin da abin da ta tserar har ƙarfina ya ƙare. Shekara da shekaru ina roƙo a turo mini yarinya ko yaro in koya masa, in ba shi basillar nan, ana ce mini ana dubawa. Ba a turo kowa ba. Ina yin ritaya aka ce ginin ya fi amfani a matsayin shaguna, aka zuba littattafan a buhuna aka kai wani sito. Ban san siton ba, amma na taɓa sayen ƙosai a bakin tasha aka ƙunsa mini a shafi mai hatiminmu. Abin da mutanen ƙauye suka adana a rumbu suka dawo da shi ba wanda ya tilasta su, masu ofis sun kasa riƙe shi.

Bayan girbin da ya wuce wani mutum mai furfura ya yi sallama a ƙofar gidana. Ɗan tsohon nan ne, ɗan kwalej na da. Ya ce rumbun mahaifinsa ya tsufa sun rushe shi, sai suka tarar da littafi ɗaya a cikin tulu an naɗe da tsumma, ya ɓuya tun wancan lokaci. Ya kai ɗakin karatu ya tarar da masu cajin waya, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidana.

Na ce, "Ai da ka riƙe abinka. Ba ɗaki, ba Madam, ba mai tambaya."

Ya ce, "A'a Hajiya. Baba ya hwaɗi tun shina da rai, aro na."

Na karɓa da hannu biyu na gode masa, na duba bayan littafin, ya ɗan ɓalle, na ɗauko basilla na ɗinke. Littafin labarai ne na yara, hatimin Madam na nan a shafin farko. Na rasa kantar da zan mayar da shi, sai na ɗora a kan ɗan teburin ɗakina, na sa ƙafafunsa a gwangwani.

Shi ne littafin da ke hannun jikata shekaranjiya, lokacin da mutumin nan ke cewa yaran zamani ba sa karatu. Ta karanta shi ta sake karantawa har ta haddace, tana ba ƙannenta labarin da ka. Da na kashe rediyon ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kaka, na gama kuma. Ba wani?"

Na ce mata babu. Na ce idan tana son wani ta je gidan rediyo ta tambayi mai maganar nan, shi ya sa wa ɗakin kwaɗo.